Jinyar Tsofaffi da Naƙasassu: Aiki ne da Sai an Koya

Jawabin da aka gabatar a wajen taron 'yan agaji da malaman makarantun matan aure

   

Ranar da aka ba da sanarwar cewa zaman yau zai tattauna ne a kan koyar da aikin jinyar tsofaffi da naƙasassu, wani dattijo daga cikin iyayenmu ya tare mu a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, yanzu har kula da uwa da uba ma sai an shiga aji? Mu wa ya koya mana?" Muka ce, "Baba, a yi mana haƙuri zuwa ranar taro." To, ga ranar ta zo, muna kuma ganinsa a sahun gaba. Amsar da za mu ba shi ita ce jawabin namu.

Za mu fara da abin da ya faru a unguwarmu, a kan idonmu. Wani bawan Allah ɗan kasuwa, mai kimanin shekara saba'in, hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi mako biyu a asibiti, aka sallame shi. 'Ya'yansa mutanen kirki ne, babu wanda zai ce sun gaza. Suka sayi sabuwar katifa, suka shimfiɗa mata leda saboda fitsari, suka sa fanka, magani kuwa bai taɓa yankewa ba. Sai dai duk sa'ad da aka taɓa shi sai ya yi nishi, don haka tausayi ya sa suka bar shi rigingine, ba a motsa shi sai in za a canja masa tufa. Bayan mako uku aka fara jin wari a ɗakin. Da aka juya shi sai ga gyambo a ƙasan gadon bayansa, mai zurfin da dunƙulen hannu zai shige. Aka mayar da shi asibiti, bai sake dawowa gida ba. Ajali ne ya zo, wannan babu shakka a cikinsa. Amma likitan da ya duba shi ya faɗa wa babban ɗansa cewa gyambon ne ya ɓata masa jini, kuma da an riƙa juya shi da wuya ya fito. Yaron nan ya zauna a gabanmu yana kuka yana cewa, "Wallahi babu wanda ya gaya mana."

Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya gaya musu. A asibitocinmu dangi ne ke zaman jinya, su ne ke wanka da ciyarwa da zubar da fo, amma ranar sallama abin da ake miƙa musu takardar magani ce da ranar dawowa. Daga nan sai kowa ya yi da abin da ya sani.

Ga yadda wannan gyambo yake faruwa. Mai lafiya ko barci yake yi yana juyi bai sani ba. Wanda ba ya iya juyawa kuwa, fatarsa da namansa suna matse tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki tun kafin a ga kome a waje. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasan gadon baya, da kwatangwalo, da dunduniya, da idon sawu, da kafaɗa, da ƙeya. Abin da ake koya wa mai jinya shi ne ya riƙa sauya wa majinyaci kwanciya kamar bayan kowace awa biyu, ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗage dunduniyarsa daga shimfiɗa, kada ya bar shi cikin jiƙa, kada kuma fatarsa ta kwanta kai tsaye a kan leda. Littattafan Turawa suna cewa a lura da wurin da ya yi ja. Mu baƙaƙen fata jan nan ba ya fitowa sosai a jikinmu, don haka abin dubawa shi ne wurin da ya fi sauran jiki duhu, ko sheƙi, ko ɗumi, ko tauri. In an gan shi kuma ba a murza shi da mai, domin murzar ƙara ɓata shi take yi. Duk wannan bayani bai kai darasin yini guda ba, amma rashinsa ya cinye wa iyalin nan uba da dukiya.

Haka sha'anin ciyarwa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya takan yi masa wuya. Sai ka ga an tallafo kansa yana kwance ana yi masa ɗurar koko kamar jariri, yana tari ana cewa daure ka shanye. Abin da ya sarƙe shi ɗin nan huhu yake gangarawa. Bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su tashi, a ce sanyi ne ya kama shi, alhali kuwa ciwon huhu ne da cokalinmu ya jawo. Wanda aka koya wa aikin ya san sai an zaunar da mutum sosai kafin a ba shi abinci, a ba shi kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama, sa'an nan a duba kumatunsa na ɓarin da ya shanye, don abinci yakan maƙale a can bai sani ba. Ya san ba a ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye, domin kafaɗar na iya gocewa. Ya san in za a sa masa riga da hannun nan ake farawa, in za a cire shi ne na ƙarshe. Ya kuma san cewa watannin farko bayan faɗuwa su ne lokacin da jiki ya fi karɓar gashi da motsa gaɓoɓi, saboda haka yi wa majinyaci kome da kome, har abin da zai iya yi da kansa, tausayi ne mai gurguntarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara sittin su ne suka fi yawa a ciki. Kowa ya tuna makewayin gidansu: yana can ƙarshen gida, babu fitila, ƙasa da santsi, ga dokin ƙofa, ga tsugunno da gwiwar tsoho ba ta ɗauka. Tsohuwa ta fita alwalar asuba ta zame, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciya, daga kwanciya sai gyambon da muka ambata. Maganin abin kujera ce da kafinta zai huda, da ƙarfen dafawa da mai walda zai kafa a bango, da tocila a gefen shimfiɗa. Amma sai idon da aka horar ne yake shiga gida ya hango haka. Ga kuma zafi. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, yana iya bushewa bai nemi ruwa ba. A farkon watan Afrilu na 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Yanayinmu da nasu duk ɗaya ne.

'Yan'uwa, wurin da muke so mu ɗan daɗe shi ne gigin tsufa, domin a nan ne jahilcinmu ya fi yin ɓarna, kuma ɓarnar ba ta tsaya ga jiki ba, har aure da zumunci take ci. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba kowane tsoho yake samu ba, kuma ba halin tsiya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Ga yadda yake shigowa gida. Hajiya ta ci tuwonta ta wanke hannu, ɗanta ya dawo daga kasuwa ta ce masa tun safe ba a ba ta kome ba. Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin tabarma ta manta, ta ce matar ɗanta ce ta sace. Ɗan nan yana tsoron Allah, yana tsoron fushin uwa, bai kuma taɓa jin uwarsa ta yi ƙarya ba. Sai ya juya kan matarsa. Mun zauna sulhu a kan irin wannan ba sau ɗaya ba, wani auren ma ba mu iya ceto shi ba. Ita Hajiya ba ƙarya ta yi ba, abin da ƙwaƙwalwarta ta nuna mata ta faɗa. Matar ɗan kuma ba ta ci amana ba. Da a ce akwai mutum ɗaya a gidan da ya san sunan ciwon, da an huta.

In ciwon ya yi nisa sai tsohuwa ta ɗaure ƙunshinta da la'asar ta ce za ta gidan ubanta, wanda ya rasu shekara arba'in da suka wuce. In ta sami ƙofa a buɗe ta fita, ta ɓace, a tsince ta a wata unguwa tana sambatu, wataƙila ba mayafi. Nan take wani ya ce mayya ce, yara su ɗauki duwatsu. An sha dukan tsofaffi mata a ƙasar nan a kan wannan zato, wasu har lahira. Iyalin da suka ji tsoron haka sai su kulle ta a ɗaki, wasu su kwashe ta zuwa wurin boka ya cinye musu kuɗi ya lalata musu aƙida. Mai jinyar da aka koyar ba ya gardama da ita. In ta ce ba ta ci abinci ba, sai ya ce to ga ɗan kunu kafin a gama. In ta ce za ta gida, sai ya zaga da ita tsakar gida yana tambayarta labarin gidan har hankalinta ya kwanta. Yakan ɗinka mata suna da lambar waya a jikin zane, ya kuma sanar da maƙwabta. Ya san bambanci tsakanin mantuwar da ke ƙaruwa a hankali cikin watanni da ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta biyun nan sau da yawa alamar wani ciwo ce, kamar ciwon mafitsara, ko zazzaɓi, ko bushewar jiki, ko saukar suga, kuma asibiti ake kai ta a ranar. Malamanmu kuma za su ƙara masa da cewa wanda hankalinsa ya gushe babu takalifi a kansa, don haka ba a yi wa tsohuwa tsawa saboda ta yi Azahar sau uku, ko ta sallame a raka'a ɗaya.

Sai mu juya ga naƙasassu, waɗanda yanzu ake kira masu buƙata ta musamman. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce sun kai mutum biliyan 1.3, watau mutum ɗaya cikin kowane shida. Darasi na farko a nan shi ne yawancinsu ba marasa lafiya ba ne. Makaho lafiyarsa lau, gurgun da shan inna ya kama yana yaro lafiyarsa lau, ga su nan a Kano suna ƙera kekunansu da hannunsu suna sayarwa. Abin da suke bukata mataimaki ne da ya san iyakarsa. Mun san Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA) makaho ne, amma ladanin Manzon Allah (SAW) ne, kuma an sha barin sa ya riƙe Madina in an fita yaƙi. Wanda ya koyi jagorancin makaho ba ya fizgar hannunsa ko ya tura shi gaba. Yakan ba shi damtsensa ya riƙe, ya wuce shi da rabin taki, ya faɗa masa in an zo kwata ko matakala. In an kawo abinci ya gaya masa ga tuwo ga miya ga ruwa, kada kuma ya kawar da kayansa daga inda ya ajiye. In akwai magana da makahon ake yi, ba da ɗan jagora ba. Shi kansa ɗan jagoran nan abin dubawa ne, don galibi yaro ne da aka cire daga makaranta, ya tashi ba karatu ba sana'a. Kurame suna da maganar hannu cikakkiya, ana kuma koyar da su a makarantu irin ta Tudun Maliki da ke Kano, amma mu nawa ne a ɗakin nan za mu iya tambayar kurma ina ke yi masa ciwo?

Farfaɗiya kuwa har gobe in ta kayar da mutum sai a watse, wai kada a tsallaka yawunsa a ɗauka, mai ƙarfin hali kuma ya danna masa cokali a baki ya karya masa haƙori. Ba a ɗaukar farfaɗiya, ba a kuma sa wa mai ita kome a baki. A kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, a tallafi kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefensa, in ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Ga kuma yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu saboda doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau, waɗanda ba sa iya zama ko riƙe wuya. Uwa ce kaɗai ke fama, wani lokaci da gorin dangin miji a kai, yaron kuma yana ƙuryar ɗaki gaɓoɓinsa na ƙara ƙandarewa, alhali akwai dabarun zaunar da shi da ciyar da shi da likitocin gashi ke koyarwa.

Ba za mu wuce ba sai mun faɗi mai ɗaci. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Cikin makonnin da suka biyo baya aka sami irinsa a Daura da wasu garuruwa. Da sunan addini aka buɗe wuraren nan, kuma iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, masu shaye-shaye da masu taɓin hankali, har suna biyan kuɗi. Sun kai su ne don sun rasa inda za su kai su, waɗanda suka karɓe su kuma sarƙa da bulala kaɗai suka iya. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka dai tana iya rufe gidan mari, amma ba ta shiga ɗaki ta zauna da mara lafiya. Wannan sai mutum, kuma mutumin da aka koya wa aikin.

Baba ya tambaye mu wa ya koya musu. An koya muku, Baba. Kun tashi a babban gida, kun ga yadda iyayenku suka yi wa kakanninku, akwai kuma hannaye da yawa da ake karɓa-karɓa. Yanzu 'ya'ya sun watsu, wani yana Abuja wani yana Legas, gidan haya ɗaki biyu ne, kuma magani ya sa mai hawan jini ko ciwon suga yakan rayu shekaru yana bukatar hidima. Nauyin duka sai ya sauka a kan mutum ɗaya: matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jikanyar da aka dakatar da karatunta, ko almajirin da ake ba sauran abinci. Ita kuma bayanta ya ƙage don ba ta san yadda ake ɗaga babban mutum ba, barci ya gagare ta, haƙurinta ya ƙare, wata rana ta ɗaga murya ga wanda bai kamata ba, ta kwana tana jin ta halaka.

Keɓe mutane domin wannan aiki ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Rufaida Al-Aslamiyya (RA) tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) bayan yaƙin Handaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira. Malaman tarihi sun kawo cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa ta 96, ya sa wa kowane makaho jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali, ya kuma yanka wa kutare abin masarufi ya hana su bara. A nan ƙasar Hausa kuwa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta nuna mana yadda ake kai ilimi cikin gidaje: ta koyar da jajis, su kuma suka koma garuruwansu suka koyar da 'yan taru. Wannan tsari shi ne muke ganin ya dace da bukatarmu.

Mukan ce Turawa suna jefar da iyayensu a gidan gajiyayyu, kuma wannan magana takan sa mu ƙi duba abin da suke yi. Alƙaluman hukuma a Jamus sun nuna cewa a ƙarshen 2023 mutum miliyan 5.7 ne ke bukatar kulawa, kuma kashi 86 cikin ɗari a gida ake kula da su. Tun 1995 suke da inshorar jinya, dokarsu kuma ta wajabta a shirya wa dangi darussan jinya kyauta, har a cikin gidansu in sun nema. Japan ta mai da aikin sana'a mai jarrabawar ƙasa tun 1987. Mai farawa yakan yi horon awa 130, wanda kuma ya yi shekara uku yana aiki sai ya cika awa 450 na karatu kafin ya zauna jarrabawa. Ingila ta fito da takardar shaidar masu kulawa a 2015, bayan abin kunyar da aka bankaɗo na wulaƙanta marasa lafiya a asibitin Stafford. Da hannaye suka yi mata ƙaranci sai ta buɗe biza ga masu wannan aiki a watan Fabrairu na 2022, 'yan Nijeriya suka yi tururuwa, wasu suka sayar da gida da gona suka ba 'yan damfara, kafin a rufe ƙofar a watan Yuli na 2025. Abin lura shi ne, aikin da ɗanmu yake jin kunyar a gan shi yana yi wa maƙwabcinsa a Zariya, shi ne ya ci bashi don ya je ya yi wa wani a Landan. Bambancin kawai can akwai horo, da takarda, da albashi.

A nan gida ma an fara. An kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da dokar da aka sa wa hannu a 2018, ta fara aiki a 2021, ta kuma haɗa kai da Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, watau NBTE, mai hedkwata a Kaduna, suka tsara ma'aunin koyar da sana'ar kula da tsofaffi mataki-mataki, da takardar shaida. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kowa ya duba matakalar masallacinsu da wurin alwala ya ba kansa amsa.

Akwai ɓangaren da manhajar gwamnati ba za ta koyar ba, mu ne za mu ƙara. Yaya ake yi wa mara lafiya alwala, yaushe ake komawa taimama, yaya mai robar fitsari zai yi salla, yaya ake fuskantar da na kwance alƙibla, wane tsoho ne azumi ya sauka a kansa sai ciyarwa, musamman mai ciwon suga da ke shan magani ya dage sai ya yi. Ga hukuncin al'aura: a yi wanka a ƙarƙashin mayafi, a buɗe gaɓa ɗaya a rufe kafin a buɗe wata, namiji ga namiji, mace ga mace, sai fa ma'aurata ko inda lalura ta tilasta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa dole mu horar da maza, don dattijo da yawa ya gwammace ya kwana cikin najasa da 'yarsa ta ga tsiraicinsa. Ga amana: mai jinya yana ganin asirin gida, yana jin sambatun tsoho, ya san inda kuɗi da takardun fili suke. Saboda haka kowane aji yana bukatar malami biyu, ma'aikacin jinya da malamin fiƙihu.

Wani zai ce karɓar kuɗi a kan jinya yana ɓata lada. Muna biyan malamin Islamiyya, muna biyan ungozoma, ba mu ce ladansu ya ɓaci ba. Ɗa ya ɗauki ƙwararre ya taya shi kula da mahaifinsa, yana biya daga aljihunsa yana kuma leƙowa safe da yamma, wannan yana cikin biyayya. Wanda ya aiko kuɗi ya ɓace kuwa, ko ƙwararru goma ya ɗauka bai sauke nauyi ba. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauko yarinya daga ƙauye a matsayin 'yar aiki, a haɗa mata wanke-wanke da shara da jinyar Hajiya dare da rana, a ba dillaliya kuɗinta. A yi yarjejeniya a rubuce, a faɗi awannin aiki da ranar hutu da abin da za a biya. Sa'an nan shi ma mai jinyar a ja masa layi: ba likita ba ne. Ba ya allura, ba ya ƙarin ruwa, ba ya sauya magani. Aikinsa ya lura, ya rubuta, ya san lokacin da za a nemi mota. Likitocin unguwa da muke da su sun ishe mu.

Abin da muke roƙo hawa biyu ne. Na farko gajeren darasi ga duk mai majinyaci a gida, a makarantunmu na matan aure da kuma bayan sallar Isha ga maza, da katifa a tsakiyar aji kowa ya gwada juyawa da ɗagawa da hannunsa, domin wannan ilimi ba ya shiga ta kunne kaɗai. Muna da nas-nas da jami'an lafiya da likitocin gashi a cikinmu, wasu sun yi ritaya suna zaune. Na biyu, mu zaɓi matasa da zawarawa masu haƙuri da riƙon amana mu ɗauki nauyinsu su yi cikakken horo a wurin da hukuma ta amince da shi, su fito da takarda, kada mu buga tamu takardar da ba ta da daraja a ko'ina. 'Yan agajinmu sun iya tsare sahu da ɗaukar gawa da taimakon gaggawa, wannan ƙari ne a kan abin da suka saba. Gidan da ke da hali ya biya. Gidan da ba shi da hali kuwa, kwamitin zakka da wakafi ya zauna da malamai su duba ta wace ƙofa za a biya masa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin zama na gaba muna so kowane reshe ya bi ta hannun limamai da masu unguwanni ya ƙidayo mana gida nawa ne ke da wanda ba ya iya tashi da kansa, da kuma wanda ke jinyarsa, ba tare da an yayata sunan kowa ba. Mata su shiga wurin mata. Kowane reshe kuma ya kawo sunan namiji biyu da mace biyu da za a fara da su. Wanda yake da keken guragu, ko sandar dogarawa, ko gadon asibiti da mai shi ya riga mu gidan gaskiya, kada ya bar shi yana tsatsa a zaure, ya kawo wa sakataren agaji a rubuta a ba da aro.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu.